Abul Ƙasim Az-Zahrawi, Likitan Da Ya Koyar Da Ungozomomi

Duk wadda ta tashi a cikin birnin Kano ta san Ishiriniya, wata ma ta ji ana karanta Ƙurɗabi a zauren malamin unguwarsu. To mawallafin Ishiriniya, Alfazazi, haifaffen birnin Ƙurɗuba ne na ƙasar Andalus, wato kudancin Sifen ta yau. Mun karɓi waƙar wannan birni da fiƙihunsa hannu bibbiyu, amma akwai wani ɗansa da ya yi wa mata masu haihuwa hidima, wanda da wuya ki ji an ambace shi a wajenmu. Shi ne Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas Az-Zahrawi, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi wajajen shekarar 936 Miladiyya. Ana jingina shi ga Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina a kusa da Ƙurɗuba, ana kuma yi masa laƙabi da Al-Ansari saboda danganta zuriyarsu da mutanen Madina. Masu tarihi sun ce ya yi aiki a fadar Halifa Hakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976. Magabata ba su rubuta abu mai yawa kan rayuwarsa ba. Ibn Hazm dai ya lissafa shi cikin manyan likitocin Andalus. Sauran labarinsa sai a cikin littafinsa, domin a nan ne ake ganin halinsa.

Sunan littafin Attasrif. Ya kammala shi wajajen shekarar 1000, bayan ya daɗe yana duba marasa lafiya. Kashi 30 ne, na ƙarshen kuwa kan tiyata yake, da zanen kayan aiki kusan 200. Ya amfana da littattafan likitocin Yunan da suka gabace shi, bai kuma ɓoye ba, amma ya haɗa da abin da idonsa ya gani, hannunsa ya taɓa. A ciki yakan kira ɗalibansa 'ya'yansa. Ya ja musu kunne kada wanda bai san yadda aka shirya jikin ɗan Adam ba, inda jijiya take da inda ƙashi yake, ya ɗauki wuƙa, domin ya ga waɗanda jahilcin mai magani ya kashe. Shi ne kuma ya shahara da ɗinke hanji da zaren da aka yi da hanjin dabba, wanda jiki ke narkar da shi da kansa.

Inda ya fi shafar mu shi ne babukan da ya ware wa mata. A babin cire tsakuwa daga mafitsarar mace, Az-Zahrawi ya fito fili ya faɗi matsalar: mace mai kamun kai ba ta yarda ta buɗe jikinta ga likita namiji, macen da ta iya tiyata kuwa da wuya a same ta. Kin ji fa, shekara dubu da suka wuce! Bai zargi matan da kunya ba, bai kuma ce a bar su da ciwonsu ba. Sai ya ce a nemo likita mace. In babu, a kawo ungozoma ƙwararriya, likita mai amana yana kusa yana gaya mata abin da za ta yi daki-daki, hannunta ne zai yi aikin.

Daga nan ya rubuta babi sukutum don koyar da ungozomomi. Ya fara da haihuwa ta al'ada, wadda kai ke fara fitowa, domin wadda ba ta san daidai ba ba za ta gane karkatacce ba. Sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya: ɗan da ya zo da ƙafa, wanda ya miƙo hannu, wanda ya zo da gwiwa, wanda ya kwanta a gicciye, da tagwaye. Kowanne ya faɗi yadda za a kwantar da mai naƙuda, da yadda ungozoma za ta shafa wa hannunta mai ta gyara kwanciyar ɗan a hankali. Abin da yake ta nanatawa shi ne sannu-sannu, ban da ƙarfi.

Haka ya yi a babin mabiyiya idan ta ƙi faɗowa. Ya ce a fara da abu mai sauƙi, a sa mai jego ta yi atishawa, a yi mata turare da ganyayyaki. In ta faskara, ungozoma ta sa hannu mai mai ta raba ta a hankali, kada ta kuskura ta fizga, don kada mahaifa ta biyo. Wannan gargaɗi na kada a ja da ƙarfi har yau ana koyar da shi a makarantun ungozoma. Amma kada wata ta karanta wannan ta ce za ta gwada atishawa da turare a ɗaki. A yau an san zubar jini bayan haihuwa na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe mata, kuma yana iya gamawa da mace cikin awa biyu. Mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba, asibiti ake nufa, inda akwai allurar tsuke mahaifa da jinin ƙari.

Akwai wata mata da ya ba da labarinta, wadda likitoci ke ambato har gobe. Ɗa ya mutu a cikinta bai fito ba, ta sake ɗaukar wani cikin, shi ma ya mutu. Bayan an daɗe sai cibiyarta ta kumbura ta fashe tana fitar da mugunya. Aka kira shi, ya yi ta magani ciwo ya ƙi rufewa, sai ga ƙashi ya fito, bayan kwanaki ga wani. Ya yi mamaki, don ya san babu ƙashi a wannan wuri na ciki, sai ya gane ƙasusuwan ɗan da ya mutu ne. Ya bi ya zaro su da yawa, matar ta rayu tsawon lokaci bayan haka. Masu tarihin likitanci suna lissafa wannan cikin bayanai na farko kan cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Ni abin da ya fi burge ni shi ne bai ɓoye mamakinsa ba, ya rubuta yadda ya rikice da yadda ya gano, don ɗalibin da zai haɗu da irinsa.

Sai dai kada son magabata ya sa mu ƙara gishiri. A zamaninsa babu allurar kashe zafi irin ta yau, babu ƙarin jini, ba a san ƙwayoyin cuta ba. Don haka babu zancen a yi wa mace aiki a ciro ɗa da rai, ita ma ta tashi. Idan ɗa ya maƙale ya mutu, abin da ya rage a ceci uwa, kayan da ya zana don wannan aiki kuwa ƙugiyoyi ne da almakashi masu tayar da hankali. Abin da likita ke yi yau cikin awa guda a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, Az-Zahrawi da duk iliminsa bai isa ya yi ba. Shi ya sa nake jin zafi idan mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini, ko ana cewa ai kakanninmu a ɗaki suka haihu. Doguwar naƙuda ce ke matse mafitsara tsakanin kan ɗa da ƙashin ƙugu har naman ya mutu, a wayi gari da yoyon fitsari. Wani lokacin kuma yankan gishiri ne, wato wuƙa a hannun wanda bai san jiki ba, abin da Az-Zahrawi ya hana tun farkon kashin tiyata na littafinsa. A farkon shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya fara ɗinke masu wannan larura a Babbar Ruga ta Katsina, daga baya har a Asibitin Murtala, ya kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa.

Kukan nan na rashin likita mace ma bai ƙare ba. Mu ne kan gaba wajen cewa ba ma son namiji ya duba mu a ɗakin awo, kuma muna da gaskiya. To likita macen daga gidan wa za ta fito, in kowa ya cire 'yarsa daga makaranta tana aji uku?

Littafin ya yi tafiyar da mai shi bai yi ba. A ƙarni na 12 wani masani, Jerad mutumin Kiremona, ya fassara kashin tiyata zuwa Latin a birnin Toledo, Turawa suka riƙa kiran mawallafin Albukasis, suka yi ɗaruruwan shekaru suna koyar da shi. Babban likitan tiyata na Faransa, Gi de Sholiyak, ya ambace shi wajen sau 200 a littafin da ya kammala a 1363. A ƙasar Turkiyya kuma, a 1465, likita Sharafuddin Sabunju'oglu ya gina nasa littafin a kan Attasrif, ya ƙara da zane-zane, ciki har da na mata suna yi wa 'yan'uwansu mata aiki.

Az-Zahrawi ya rasu wajajen shekarar 1013, daidai da 404 bayan Hijira, a lokacin fitinar da ta wargaza daular Ƙurɗuba. A cikin wannan fitina aka wawashe Madinatuz Zahra aka bar ta kufai. Sai a farkon ƙarni na 20 aka fara tono kangonta, yau kuma masu yawon buɗe ido ne ke zaga ta. Allah Ya gafarta masa, Ya sauki masu ciki lafiya, amin.