Mi'imar Sinan: Sarkin Maginan Daular Usmaniyya

Ya kai ɗalibi mai karatu, da ku iyayenmu da ake karanta wa wannan mujalla a gida, yau za mu kawo muku tarihin wani bawan Allah da ya bauta wa al'umma da ma'auni da dutse. Sunansa Sinan, ana yi masa laƙabi da Mi'imar, wato mai tsara gini da Larabci. Ya yi zamani a Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda hedkwatarta take Istanbul, birnin da kakanninmu ke kira Santambul. Kada ka haɗa ta da Daular Usmaniyya ta Sakkwato.

An haifi Sinan wajen shekarar 1490 a ƙauyen Agirnas, kusa da garin Kaisari a ƙasar Turkiyya ta yau. Iyayensa Kiristoci ne. A wancan zamani daular tana da al'adar ɗebo samari daga ƙauyukan Kiristoci, a raba su da iyayensu, a kai su birni a horar da su aikin soja ko na fada. Ta wannan hanya aka kawo Sinan Istanbul a zamanin Sarki Salim na ɗaya, wanda ya hau mulki a 1512. A nan ya musulunta, ya koyi kafinta da lissafi, sannan aka sa shi cikin rundunar sarki.

Ya yi shekaru masu yawa yana bin sojoji. Ya halarci yaƙin Belgirad a 1521, da na tsibirin Rodos a 1522, ya kuma je Bagadaza a 1534. To, ka san runduna ba ta tafiya sai da gada da ganuwa da jirgin ruwa, kuma irin wannan aiki shi aka fi ba Sinan. Duk garin da suka shiga kuwa sai ya tsaya ya duba gine-ginen mutanen da, ya lura da yadda suka ɗora nauyi a kan ginshiƙi, da dalilin da ya sa wani gini ya tsaya wani ya rushe. Wannan ita ce jami'arsa. A 1538 ya gina wa rundunar Sarki Sulaiman gada a kan kogin Furut cikin kwana 13. Ba a daɗe ba aka naɗa shi shugaban maginan daula, yana da shekara kusan 50. Ya riƙe wannan muƙami shekara kusan 50 kuma, ƙarƙashin sarakuna uku: Sulaiman, da Salim na biyu, da Murad na uku.

Gine-ginen da ake dangantawa da shi da almajiransa sun haura 300: masallatai, makarantu, asibitoci, gidajen ciyar da mabuƙata, masaukan fatake, gadoji, da hanyoyin da suka kawo ruwan sha Istanbul daga dazuzzukan arewacin birnin. Amma abin da muke so ka lura da shi ba yawan ba ne. Hasumiya da ƙubba kowa yana hango su daga nesa. Gwanintar Sinan tana ciki, inda mutum zai cire takalmi ya tsaya a sahu.

Matsalar da ya yi ta fama da ita ita ce wannan. Sallar jam'i tana son fili guda, sahu ya miƙe ba tare da ya yanke ba, na baya ya ji liman, ya kuma ga na gabansa. Ƙubba kuwa nauyi ne da ita, tana son ginshiƙai masu kauri da bango mai kauri. Ginshiƙi yana yanke sahu, bango mai kauri yana hana haske. Yaya za a ɗaga babban rufi ba tare da an cika ɗaki da ginshiƙai ba? A masallatai uku za ka ga yadda ya bi wannan tambaya mataki-mataki.

Na farko shi ne masallacin Shahzada a Istanbul, wanda aka gama a 1548, don tunawa da Muhammadu ɗan Sarki Sulaiman da ya rasu yana saurayi. A nan ya ɗora ƙubba a kan ginshiƙai huɗu, ya tokare ta da rabin ƙubba ta kowace kusurwa huɗu.

Na biyu shi ne Sulaimaniyya, wanda aka fara a 1550 aka gama a 1557. Tsawon ƙubbarsa daga ƙasa ya kai mita 53. Tagoginsa sun haura ɗari, na bangon alƙibla kuma an sa musu gilashi mai launi. A zamanin babu lasifika, saboda haka aka binne tukwanen ƙasa a cikin ƙubbar, bakinsu yana kallon ciki, don su daidaita amon murya. Babu lantarki kuma, da fitilun mai da kyandir ake sallar dare, hayaƙinsu kuwa zai iya baƙanta bango da rubutun ayoyi. Sai Sinan ya tsara yadda iska za ta riƙa jan hayaƙin zuwa wani ɗan ɗaki a saman ƙofar shiga. A can kunkunniya take taruwa, a kankare ta a yi tawada. Kai da ka san yadda ake haɗa tawadar allo da baƙin tukunya da ƙaro, ai ba sai an yi maka dogon bayani ba. A kewayen masallacin kuma ya gina makarantu, da makarantar likitanci, da asibiti, da gidan ciyarwa.

Na uku shi ne Salimiyya a garin Adirna, wanda aka gama wajen 1575, lokacin Sinan ya haura shekara 80. A nan ne ya warware matsalar. Ya ɗora ƙubba mai faɗin mita 31 da ɗoriya a kan ginshiƙai takwas, ya tura su can jikin bango, tsakiya ta zama fili fetal. Da yake ginshiƙan ne ke ɗauke da nauyi, sai bangon ya samu sauƙi, aka huda shi da tagogi jere bisa jere. Kusan duk inda ka tsaya a ciki kana ganin mihirabi. Ana ruwaito cewa shi da kansa ya ɗauki Shahzada a matsayin aikin koyo, Sulaimaniyya aikin wanda hannunsa ya faɗa, Salimiyya kuwa aikin gwani. Dubi fa, mutumin da ya haura 50 yana shugaban magina, amma yana kallon aikinsa a matsayin na ɗan koyo! A 2011 hukumar UNESCO ta sa Salimiyya cikin wuraren tarihi na duniya.

Sinan ya rasu a 1588, daidai da 996 bayan Hijira, yana dab da shekara ɗari. An binne shi a wani ɗan ƙaramin wuri a gefen Sulaimaniyya. Bai tafi da iliminsa kabari ba. Almajirinsa Muhammad Aga shi ya gina masallacin Sultan Ahmad, wanda baƙi ke kira Shuɗin Masallaci. Istanbul gari ne mai girgizar ƙasa, amma har yau ana salla a Sulaimaniyya. Akwai kuma jami'a a birnin mai ɗauke da sunansa, kuma cikin abin da ake koyarwa a can har da fannin tsara cikin gini.

To, mene ne wannan fanni? Shi ne abin da Sinan ya tattara a shekaru masu yawa na tafiya da gwaji, yanzu an tsara shi darasi-darasi: zane da ma'auni, sanin kayan gini, yadda haske da iska da sauti ke tafiya a ɗaki, faɗin ƙofa da tsawon matakala, da hanyar da jama'a za su fita idan gobara ta tashi. Ba zaɓen labule da fenti ba ne kawai, kamar yadda wasu ke zato. Mai son sa dole ya riƙe lissafi da kimiyya da zane tun daga sakandare.

Ka duba ajinku da masallacin unguwarku. Sau nawa aka ɗauke wuta, na sahun baya ya daina jin liman? Ajujuwa nawa ne taga ɗaya gare su, yara suna gumi a watan bazara har hadda ta ƙi zama? Wurin mata fa, akwai iska da haske? Tsoho mai sanda yana iya hawa matakalar? Sau da yawa ba kuɗi ne suka yi kaɗan ba. An zuba siminti ne kafin a zauna a yi tunani, gyara kuwa bayan an gama ya fi tsada.

Saboda haka, ya ku iyaye, idan kun ga yaro ko yarinya na yawan zane-zanen gidaje a bayan littafi, kada ku ce wasa ne, kada kuma ku ce ɗan malam ba ya aikin gini. Ku sa ido a kan karatunsa na Alƙur'ani, ku kuma ƙarfafa shi a kan lissafi. Kai kuma ɗalibi, ka fara daga yau: auna ajinku da taku, ƙirga tagoginsa, ka lura ta ina rana ke shigowa da safe da yamma, ka zana shi a takarda.

Allah ya jiƙan Sinan, ya gafarta masa, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.