Malam Abdullahi na Gwandu da Lissafin Haruffa

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ƙanen Shehu Usmanu ne, kuma wazirinsa. An haife shi wajen shekarar 1766. Tun yana yaro ya lizimci wansa, yana karatu a gabansa, yana binsa yawon wa'azi cikin Gobir da Zamfara. Da jihadi ya tashi a 1804, shi ne ya ja rundunar Shehu ran yaƙin Tafkin Kwatto. Amma alƙalami ya fi masa takobi daɗi.

Sa'ad da Shehu ya zauna Sifawa, Abdullahi ya sauka Boɗinga, nan kusa. A 1812 aka danƙa masa ƙasashen yamma. Ya wallafa littattafai masu yawa, har da tafsirin Alƙur'ani.

Malaman zamaninsa sukan ɓoye shekara cikin haruffa a ƙarshen waƙa, abin da ake kira ramzi. Kowane harafi da adadinsa, sai mai karatu ya tara. Rumawan dā ma da haruffa suke ƙidaya: M dubu, D ɗari biyar, C ɗari, X goma, I ɗaya. Nasu yana da tarko guda, in ƙarami ya gabaci babba ɗebewa ake yi, shi ya sa IX tara ne.

Malam ya rasu a Gwandu a 1829, watau MDCCCXXIX. A Hijira 1245 ke nan: shin dubu, ra ɗari biyu, mim arba'in, ha biyar.