Muhammadu Korau, Kakan Sarakunan Katsinar Maraɗi, da Hasumiyar Gobarau

Duk sarkin da aka naɗa a Maraɗi, Sarkin Katsina ake kiran sa, domin asalin gidan daga Muhammadu Korau ne. Saboda haka ya dace a irin wannan buki a waiwayi tarihinsa, da ginin da ake tunawa da shi.

Bisa tarihin da aka gada daga kakanni, Korau mutumin Ƴandoto ne, wani tsohon gari na malamai da fatake da ke ƙasar Zamfara ta yanzu. A wancan zamani Durɓawa ke riƙe da ƙasar Katsina, sarkinsu na ƙarshe kuwa shi ne Sanau. Korau gwanin kokowa ne. An ce sun kara da Sanau a gindin tsamiyar Bawada, bayan matar Sanau ta tona asirin mijinta, Korau ya kayar da shi, ya kashe shi, ya hau gadon sarauta. Takobin nan Gajere, wanda ke cikin kayan sarautar Katsina, da wannan labari ake danganta shi.

Masana tarihi da dama suna sanya mulkinsa a ƙarni na 15, kuma shi ake ɗauka Sarkin Katsina na farko Musulmi. A zamaninsa birnin ya kafu sosai, Wangarawa da sauran baƙi suka shigo da fatauci da ilmi. Har yanzu fadar Katsina Gidan Korau ake ce mata.

Wa zamaninsa ne Katsinawa suke jingina ginin masallacin Gobarau. Magina sun yi shi da tubali da jar ƙasa da azara, ya zama masallacin Juma'a, kuma makaranta. Daga kan hasumiyarsa ake kiran salla, daga nan kuma ake hango ƙurar mahara tun suna nesa.

A shekara ta 1807 birnin ya faɗa hannun mayaƙan jihadi. Sarki Magajin Haladu ya rasu a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya nufi Damagaram, daga bisani ya kafa sarautar a Maraɗi wajen 1819. Jikokin Korau sun fito da suna da sarautu, irin su Ƙaura da Galadima da Ƴanɗaka da Durɓi, amma gini ba ya bin mai shi hijira. Aka bar sallar Juma'a a Gobarau, masallacin ya rushe, sai hasumiya ta saura. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ya sa aka gyara ta. Tsawonta ya kai kimanin mita 15, kuma gwamnatin Nijeriya ta sanya ta cikin kayan tarihi na ƙasa.

Mutanen Maraɗi sun san abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa. Ambaliyar gulbi ta 1945 ta cinye tsohon gari, dole aka hau tudu aka yi sabon zama. Yaron da aka haifa a Sabon Gari ba zai tarar da ginin kakanninsa na farko a nan ba. Gobarau kuwa tana tsaye, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Hakkin iyaye ne su kai ƴaƴansu su gan ta, su faɗa musu sunan wanda ake danganta ta da shi.

Allah ya jiƙan Korau, ya ja zamanin magadansa, amin.