Alhassan Ɗantata: Bafataken da asalin gidansu ya ratsa ta Madobi

A duk lokacin da malaman darasin koyon sana'a a jami'o'inmu suka nemi misalin wanda ya tashi daga babu, sunan Alhassan Ɗantata ne kan fara zuwa bakinsu. Sai dai tarihinsa bai goyi bayan wannan taƙaitawa ba.

Ɗantata ɗan gidan Agalawa ne, fataken da suka daɗe suna safarar goro daga Gwanja. Kakansa, Baba Talatin, shi ya kawo iyalin Madobi daga ƙasar Katsina, kuma daga Madobi mahaifinsa Abdullahi ya riƙa fita fatauci kafin ya koma Bebeji, inda aka haifi Alhassan a 1877. Yana ɗan shekara takwas mahaifin ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda sunanta ya bi shi har abada.

Maraicin gaskiya ne, wahalar ma haka. Ya yi almajirci, kuma a Basasar Kano ta 1893 an kama shi, sai da aka fanshe shi. Amma abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne gadon da yaƙi bai iya ƙwacewa ba: sanin hanyar Gwanja, da dangin da suka san shi a kowane zango, da amanar da ke sa a ba matashi kaya bashi. Da wannan ya shiga cinikin goro, ya zamo cikin na farko da suka riƙa ɗauko shi ta jirgin ruwa zuwa Ikko.

Zuwan jirgin ƙasa Kano ya buɗe kasuwar gyaɗa. A 1918 Kamfanin Neja ya ɗauke shi dillali, shi kuma ya baza yaransa ƙauyuka da kuɗin saye, yana ba su jari kamar yadda Agalawa suka saba. An ruwaito cewa a 1929 ya kai kuɗin azurfa lodin raƙuma 20 bankin Turawa a Kano.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke Sarari. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.