Farfesa Adeoye Lambo: Likitan Da Ya Saka Dangi Cikin Jinyar Taɓin Hankali

Idan a gidanku akwai mai fama da shaye-shaye ko larurar ƙwaƙwalwa, wataƙila an ba ku shawarar ku ɗaure shi, ko ku kai shi can nesa inda ba mai ganinsa. Kafin ku yanke hukunci, ya kamata ku san tarihin wani likita ɗan Najeriya da ya nuna wa duniya cewa akwai hanyar da ta fi wannan.

An haifi Thomas Adeoye Lambo a Abeokuta ranar 29 ga Maris, 1923. Ya yi sakandare a garinsu, sannan ya tafi Ingila ya karanci likitanci a Jami'ar Birmingham. Daga nan ya ƙware a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa a Landan. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan ƙwarewa.

Da ya dawo gida a 1954, ya tarar da gidajen ajiye masu taɓin hankali irin na Yaba a Legas, waɗanda suka fi kama da kurkuku. Ana kulle marasa lafiya, wasu har da sarƙa, an raba su da iyalansu, kuma kaɗan ne ke komawa gida da lafiya. An tura shi asibitin Aro da ke kusa da Abeokuta, wanda a lokacin ba a gama gina shi ba.

Lambo bai zauna jiran gini ba. Ya je wurin masu unguwannin ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya nemi su ba marasa lafiya hayar ɗakuna. Sharaɗinsa shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan uwa, uwa ce ko yaya ko goggo, wanda zai zauna da shi, ya dafa masa abinci, ya raka shi asibiti. Da rana a duba shi a ba shi magani, da yamma ya koma cikin jama'a, ya je kasuwa, ya taya aikin gona. Ma'aikatan jinya suna zagayawa dare da rana. Ya kuma jawo wasu masu maganin gargajiya suka yi aiki ƙarƙashin kulawarsa, domin ya gane mutane ba sa sakin jiki da likitan da ya raina abin da suka yarda da shi.

Majinyatan ƙauye sun riƙa samun sauƙi da wuri, kuɗin jinya ya ragu, kuma komawa gida ba ta yi musu wuya ba, tunda dama ba su rabu da mutane ba. Su ma mutanen ƙauyukan tsoron da suke yi ya ragu. Likitoci daga ƙasashe da dama suka riƙa zuwa Aro don ganin tsarin. A 1961 ya shirya taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta, a 1965 kuma ya wallafa nazari kan matsalar shan ƙwaya da tabar wiwi a Afirka ta Yamma, tun mutane ba su farga da girman abin ba.

Ya shugabanci Jami'ar Ibadan daga 1968 zuwa 1971, sannan ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya kai matsayin mataimakin babban darakta har zuwa 1988. Ya rasu ranar 13 ga Maris, 2004.

To, mai karatu a Rano ko Kibiya, ina ruwanka da wannan labari? Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Tiramol, kodin, wiwi da sholisho sun shiga ƙauyuka, inda matasa ke shan wasu don ƙarfin noma ko acaɓa. A 2019 duk mun ga yadda aka fito da ɗaruruwan mutane ɗaure da mari daga wasu gidajen horo a Arewa. Iyayen da suka kai su ba mugunta suka yi niyya ba, rasa mafita ce.

Abin da Lambo ya nema a ƙauyukan Aro, kuna da shi a gida: dangi, maƙwabta, gona da masallaci. Ga yadda za ku yi amfani da su:

Na farko, ku kai shi asibiti. Ku fara da babban asibitin Rano, daga nan za a iya tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada ku tsayar da shan giya ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam lokaci guda ba tare da likita ba, domin hakan na iya jawo jijjiga mai hatsari.

Na biyu, ku ware mutum ɗaya da majinyacin ke jin maganarsa, ya riƙa ajiye masa magani, ya raka shi ganin likita.

Na uku, kada ku bar shi zaman banza. Ku ba shi aiki daidai ƙarfinsa, a ci abinci tare da shi, a daina yi masa gori.

Na huɗu, addu'a da maganin asibiti ba kishiyoyi ba ne. Amma duka, ɗauri da hana abinci ba magani ba ne, suna ƙara ciwo.

Idan ya koma shaye-shaye bayan ya daina, ku mayar da shi wurin likita, kamar yadda kuke yi wa mai hawan jini idan ciwonsa ya tashi. Idan kuma ya fara maganar kashe kansa, ko ya daina barci kwana da kwanaki, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ku garzaya da shi asibiti a ranar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri.