Alan MacDiarmid: Mai Wankin Kwalabe da Ya Zama Shehin Kimiyya

Ɗalibi, idan ka shiga kasuwar Jimeta ka dubi wayoyin lantarki, za ka ga kowace an lulluɓe ta da roba. Dalili shi ne roba ba ta barin wuta ta ratsa ta. Haka masana suka daɗe da sani, sai da Alan MacDiarmid da abokan aikinsa biyu suka nuna cewa ba kowace roba ce haka ba.

An haife shi ranar 14 ga Afrilu, 1927, a garin Masterton na ƙasar Niyu Zilan. Iyayensa ba masu hali ba ne. Yana yaro, yakan kai madara gida-gida da sassafe kafin ya tafi makaranta. Wani tsohon littafin mahaifinsa ne ya sa masa son ilimin sinadarai. Da ya bar sakandare, sai ya samu aiki a ɗakin gwaji na jami'a a Wellington. Yana wanke kwalabe, yana share ɗaki, yana kuma karatu a sauran lokacinsa. Sannu ba ta hana zuwa: ya samu digirin digirgir a Amurka a 1953, da wani a Ingila a 1955. Daga nan ya fara koyarwa a Jami'ar Pennsylvania.

A 1975 ya ziyarci Japan, inda ya haɗu da masani Hideki Shirakawa. Shirakawa ya nuna masa wata roba mai sheƙi kamar azurfa. Kuskure ne ya haife ta, domin wani mai bincike ya zuba sinadarin hanzarta haɗi fiye da ƙima. Wani zai iya yin mamaki ya wuce. MacDiarmid kuwa sai ya gayyaci Shirakawa zuwa Amurka, suka haɗu da Alan Heeger.

Ka lura da abin da suka gano. Ana kiran irin wannan abu folima, wato ƙananan ƙwayoyi masu yawa da aka jera kamar carbi. Da suka sa wa robar tururin aidin, sai aidin ya janye wasu ƙwayoyin lantarki daga jerin, ya bar gurabe. Sauran ƙwayoyin suka samu hanyar tafiya, ƙarfin ɗaukar wuta ya ninku sau miliyoyi. Sun wallafa sakamakon a 1977, kuma a 2000 aka ba su ukun Kyautar Nobel.

A yau ana amfani da irin wannan roba a cikin kwamfuta da wayar hannu, da kuma faranti masu lanƙwasuwa na hasken rana. MacDiarmid ya rasu ranar 7 ga Fabrairu, 2007, yana da shekara 79.

Kai ma kana kusa da ɗakin gwaji. Ana koyar da ilimin sinadarai a Jami'ar Modibbo Adama da ke nan Yola. Idan talauci ya sa ka fara da ƙaramin aiki, ka tuna inda wannan mutum ya fara.

Tambayoyi
1. Me ya sa ake lulluɓe wayar lantarki da roba?
2. Wane aiki MacDiarmid ya fara yi a jami'a?
3. Mece ce folima?
4. Yi amfani da kalmar "gurabe" a cikin jimla.