John von Neumann

John von Neumann (28 ga Disamba, 1903 – 8 ga Fabrairu, 1957) masanin lissafi ne kuma masanin kimiyya, haifaffen ƙasar Hangari wanda daga baya ya zama ɗan Amurka. An fi saninsa da tsarin gina kwamfuta da ake kira da sunansa, inda ake ajiye umarni da bayanai a ma'adana guda. A kan wannan tsari aka gina yawancin kwamfutoci, har da wayoyin zamani da tablet.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Budapest, cikin iyalin Yahudawa masu hali, kuma sunansa na yanka Neumann János. Mahaifinsa ma'aikacin banki ne, shi kuma shi ne babba cikin 'ya'ya maza uku. Tun yana yaro aka lura da kaifin basirarsa a lissafi. Mahaifinsa ya ga lissafi ba sana'ar da za ta riƙe mutum ba ce, don haka ya karanci injiniyancin sinadarai a Zurich ta ƙasar Suwizalan, a lokaci guda kuma yana neman digirin digirgir a lissafi a Jami'ar Budapest, wanda ya samu a 1926.

Ya koyar a Berlin da Hamburg a Jamus, sannan ya koma Princeton a Amurka a 1930. A 1933 ya shiga sahun farfesoshin farko na Cibiyar Zurfafa Bincike ta Princeton, tare da Albert Einstein. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1937.

Yaƙin Duniya na Biyu

Daga 1943 ya shiga shirin ƙera makamin ƙare dangi a Los Alamos. Lissafinsa ya taimaka wajen tsara irin bom ɗin da aka jefa a Nagasaki ranar 9 ga Agusta, 1945, kuma yana cikin kwamitin da ya ba da shawarar garuruwan Japan da za a kai wa hari. Wannan ɓangare na rayuwarsa har yau yana jawo masa suka. Yawan lissafin da aikin ke buƙata ya sa ya fara neman na'ura mai sauri.

Tsarin von Neumann

A 1944 ya samu labarin ENIAC, wata katafariyar na'ura da J. Presper Eckert da John Mauchly ke ginawa a Jami'ar Pennsylvania. Tana da kwalaben lantarki masu kama da ƙwan fitila kusan 18,000. Tana da sauri, amma idan ana son ta yi wani sabon aiki sai an cire wayoyi an sake jona su da hannu, abin da kan ci kwanaki.

Von Neumann ya shiga tattaunawar gina magajiyarta, EDVAC. A ranar 30 ga Yuni, 1945 aka rarraba rahoton da ya rubuta a kanta, mai shafi 101. Rahoton ya kasa kwamfuta zuwa sashen lissafi, sashen sarrafawa, ma'adana, da hanyoyin shigar da bayanai da fitar da su. Babban abin da ya ƙunsa shi ne a rubuta umarni a matsayin lambobi, a ajiye shi wuri ɗaya da bayanai. Ta haka ana iya sauya aikin na'ura ba tare da an taɓa jikinta ba.

Alaƙarsa da wayar zamani

A cikin waya, firosesa ce ke ɗauke da sashen lissafi da na sarrafawa. RAM ita ce ma'adanar wucin gadi da ke riƙe abin da ake aiki da shi a lokacin, memori kuma na riƙe hotuna da manhajoji ko da an kashe wayar. Fuskar waya, kamara, makirfo da lasifika su ne hanyoyin shiga da fita.

Babbar manhaja, kamar Android ko iOS, ita ma tarin umarni ce da ke zaune a memori. Idan an kunna waya sai a loda ta cikin RAM, ta riƙa raba lokacin firosesa da gurbin ma'adana tsakanin sauran manhajoji. Shi ya sa mai gyaran waya a kasuwar Farm Center ta Kano ko a Gummi yake iya sake zuba wa Tecno ko itel manhaja ba tare da ya canza ko ƙusa ɗaya ba. Tsarin na da rauni guda: firosesa kan tsaya jiran ma'adana, domin ta fi ta sauri. Firosesocin ARM da ke cikin yawancin wayoyi suna rage wannan jira da ƙananan ma'adanai masu sauri, ɗaya ta umarni ɗaya ta bayanai.

Taƙaddama

Sunan von Neumann kaɗai ya fito a rahoton, alhali Eckert da Mauchly sun riga sun fara tunanin ajiye umarni kafin zuwansa. Alan Turing na Ingila ma ya bayyana tushen wannan tunani a 1936. Rarraba rahoton ya mayar da abin da ke cikinsa mallakar kowa, don haka ba a iya yi masa rajistar haƙƙin ƙirƙira ba, abin da ya ɓata wa mutanen biyu rai. Sai dai hakan ya ba jami'o'i da kamfanoni damar kwaikwayo kyauta. Kwamfutar da von Neumann ya jagoranci ginawa a Princeton ta zama abin koyi ga wasu, irin su MANIAC da JOHNNIAC.

Iyali da rasuwa

Ya auri Marietta Kövesi a 1930, suka haifi 'ya ɗaya, Marina. Bayan rabuwarsu ya auri Klára Dán a 1938, wadda ta zama ɗaya daga cikin masu rubuta manhaja na farko. A 1955 aka naɗa shi a hukumar makamashin nukiliya ta Amurka, a shekarar kuma aka gano yana da ciwon daji. Ya mutu a asibitin sojoji na Walter Reed a Washington yana da shekara 53, aka binne shi a Princeton.